Tagar Baba Traugott

Tun kafin Ewald ya buga ƙusa ta biyu, matarsa Hulda ta gaya masa cewa wannan aikin ba zai ƙare da kyau ba. Tana tsaye a bakin gado da kwanon miyar dankali a hannu, ta ce, "Ajiye gudumar nan, Ewald. Abin da kake yi ɗin nan, mu ne za mu yi kuka da shi."

Bai juyo ba. Ya danne katakon tagar da gwiwar hannu ya ci gaba da bugu. Shi baduku ne, mai ɗinkin sirdi da linzami, kuma bai iya aikin ha'inci ba. Sai da ya nutsar da kan kowace ƙusa cikin katako, ya shafa da babban yatsa ya ji sumul, yadda ko mai leƙe ba zai gane an taɓa wurin ba.

Daga kan gado Baba Traugott yana bin sa da idonsa na dama, wanda shi kaɗai ya rage yana motsi. Bakinsa ya karkace, amma muryar tana nan da ƙarfinta, muryar mutumin da ya saba magana daga ƙasan rijiya.

"Yaro," ya ce da Jamusanci, "tun ban mutu ba ka fara rufe akwatin gawata?"

"Don ƙuda ne, Baba," in ji Ewald da Turanci. Tsohon ya tsaya yana kallon bakinsa kamar ya ji kukan wata dabba. Dole Ewald ya matso, ya sunkuya, ya maimaita da Jamusanci a hankali, kamar mai faɗin abin kunya.

"Ƙuda," in ji tsohon. "To."

Babu wanda ke garin Otter Ford da bai san Traugott Behnke ba. Yana saurayi ya gudo daga ƙauyensu a Jamus don kada sarkinsu ya sa shi soja. Jirgin ruwa ya sauke shi a Amurka, bai ko gama sanin hanyar kasuwa ba yaƙin Arewa da Kudu ya ɓarke, ya tsinci kansa cikin shuɗin kakin Arewa. Shi da kansa yakan ba da labarin yana dariya, wai ya tsallake teku guda don gudun bindiga, ya tarar ta riga shi isowa. A barikin soja ya koyi Turanci, rabinsa zagi. Ya dawo da harsashi a ƙugu, ya zauna a wannan ɗan gari na jihar Iowa yana haƙar rijiya, har ya zamana da wuya ka sha ruwa a garin ba daga ramin da ya tona ba. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba, sai Ewald, ɗan abokinsa marigayi Heinrich, shi da Hulda suke kula da shi. Duk shekara, ranar da ake kai furanni kaburburan sojoji, shi ke riƙe tuta a gaban fareti.

Da bazarar nan ta shekarar 1918 ya faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinsa ya shanye. Da ya farfaɗo, Turancin ya tafi kakaf, kamar an kwashe shi da tsintsiya. Ba abin da ya rage a bakinsa sai harshen uwarsa. Ga shi kuwa Amurka tana yaƙi da Jamus, samarin garin suna can Faransa, kuma a makon da ya wuce gwamna ya kafa doka cewa kada a ƙara jin wani harshe in ba Turanci ba, a titi ne, a waya ne, ko a coci. Gidan tsohon a bakin babban titi yake, tagar ɗakinsa kuma dab da inda mutane ke takawa. Jiya da hantsi, Hulda ta fita shanya, ya ja jiki da hannu ɗaya ya tura tagar sama, ya leƙa kai yana gaida masu wucewa.

Ewald ya sa gudumar a aljihun rigar aikinsa ya fito. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Mista Purdy, mai kantin kayan ƙarfe, wanda kuma yake cikin kwamitin tsaron gari da na makaranta.

"Sannu da aiki, Ewald. Ƙusoshin nawa sun yi?"

"Sun yi, Mista Purdy."

"Madalla." Purdy ya cire hula ya share gumi. Ya rame tun da aka tafi da ɗansa yaƙi. "Ka san ni ba mai neman fitina ba ne. Amma matata tana wucewa jiya, kawai sai ga kai ya fito ta taga yana mata ihu da yaren mutanen da ke harbin ɗanta. Har yanzu ba ta dawo daidai ba."

"Gaishe ta ya yi. Ya tambaye ta ko rijiyarku tana ba da ruwa."

"Kai ka faɗa. Ni ina zan sani?" Ya mayar da hular. "Na san ya zubar da jini don ƙasar nan, ba wanda ya musa. Amma samarin nan masu yawo da gwangwanin fenti ba sa tambayar tarihi. Ka ga abin da suka yi wa shagon mai burodi. Me zai hana a kai shi gidan tsofaffin sojoji? Can ba mai jin sa."

"Tafiyar za ta kashe shi. A gidansa zai mutu."

"To, kai ka ɗauki nauyinsa." Purdy ya taka ɗaya biyu, ya waiwayo. "Af, ya Minna? Mako mai zuwa ne za mu zauna kan malaman da za su ci gaba. Yarinya ce mai hankali. Ni dai ina bayanta, in dai ba a ba wa sauran abin faɗa ba."

Ewald ya tsaya yana kallon bayansa har ya shige kanti. Shi a garin nan aka haife shi, bai taɓa ganin Jamus ko a mafarki ba. Tun bara ya hana Jamusanci a teburin gidansa, ya ɓoye Littafi Mai Tsarki na uwarsa a ƙasan akwatin barguna. Minna ce babbar 'yarsa, ita kaɗai ce a danginsu ta taɓa tsayawa gaban allo tana koyarwa. Bayanta akwai ƙanana uku. Shagon mai burodi kuwa har yanzu fentin ruwan ɗorawa, alamar wanda ake zargi da goyon bayan Jamus, bai fita daga ƙofar ba, kuma mutane sun koma sayen burodi a wani wuri, har da Ewald ɗin.

Kwanakin da suka biyo baya zafi ya sauko da wuri. Ɗakin tsohon ƙarami ne, taga ɗaya, ƙofa ɗaya mai buɗewa cikin kicin. Warin magani da fitsari da kabeji mai tsami ya taru ya rasa mafita. Hulda takan jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi, ta yi masa fifita da murfin kwali. Ewald yakan rufe shago da tsakar rana ya zo ya juya shi, don ita ba ta iya ɗaga shi. Tsohon ba ya ƙorafin zafi. Abin da yake yi shi ne magana, da ƙarfi, ba tsayawa. Wani lokaci da matarsa marigayiya, wani lokaci da wani kofur da ya mutu tun Ewald bai zo duniya ba, wani lokaci kuma ya ɗauko waƙar coci ya ja ta har gilashin tagar ya yi zir. Duk sanda inuwar mutum ta gifta a labule, sai Ewald ya matso bakin gadon.

"A hankali, Baba. Don Allah a hankali."

"Ni kurma ne ko kai? Wa nake damu?"

Ranar Talata sai ga Tierney, wani tsohon soja ɗan asalin Ireland, ana jin ƙwas-ƙwas ɗin ƙafarsa ta katako tun daga kan kwana. Runduna ɗaya suka yi da Traugott, kuma tun daga lokacin ba su taɓa haɗuwa ba su zagi juna ba. Ya tura ƙofar da sanda.

"Kai tsohon kabeji! Har yanzu kana nan? Ni da na zo gadon lofenka."

Idon tsohon ya yi haske. Ya tattara bakinsa ya jefa masa kalma ɗaya.

Tierney ya buga sanda a ƙasa. "Wannan na sani! Jaki ya ce min. Hulda, ƙarya nake? Shekara da shekaru yana ce min jaki da Turanci, yau ya mayar da ni asali." Ya zube a kujera yana haki. "Kai, wane irin ɗaki ne wannan? Burodi kuke gasawa? Ku buɗe masa taga mana."

Tierney ya miƙa hannu ya tura katakon sama, ya ƙi. Ya sake turawa. Sai ya bi gefen da yatsa, ya tsaya.

"Wane ɗan banza ne ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Ewald.

"Kai? Ɗan Heinrich?" Ya juyo da kujerar gaba ɗaya. "Ka san wanda ka kulle kuwa? Mutumin nan, muna kwance a tantin asibiti a Tennessee, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, ni an yanke min ƙafa, shi ga rami a ƙugu. Duk sanda wani ya fara gargarar mutuwa, sai ka ga wannan mahaukacin ya rarrafo ya yaye bakin tanti. Wai haka ake yi a ƙauyensu, in ba a buɗe ba rai ba ya samun hanya, sai ya yi ta bugun bango kamar tsuntsu. Saje ya zage shi, likita ya zage shi, ni na jefe shi da takalmin da ba ni da ƙafar sa shi. Ya kusa kashe mu duka da sanyi don ran mutum ɗaya ya fita. Shi ne yau za ka buga wa ƙusa?"

"Akwai doka, Mista Tierney."

"Doka! Su zo su kama ni. Me za su yi min, su cire ɗaya ƙafar?"

"Ai ba kai za su kama ba." Muryar Ewald ta ɗaga ba da sonsa ba. "Kai ko tsirara ka yi a titi, cewa za a yi tsohon soja ne, a tafa maka. Ni ne mai suna irin nasu. Ƙofata za su shafa wa fenti, 'yata za su kora, yarana za a jefa a hanyar makaranta. Kai za ka ciyar da su?"

Tierney ya murza kan sandarsa. Can ya ce, "Ubanka ba haka yake ba."

"Ubana ya mutu lokacin da ake zaman lafiya."

Tsohon bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya ji sunan Heinrich, ya kuma ga inda yatsan Tierney ya tsaya. Bayan baƙon ya tafi, ya kama hannun rigar Ewald da hannunsa mai lafiya. Riƙon har yanzu na mai jan guga ne.

"Ni na buɗe wa ubanka," ya ce. "Kana tsaye a wurin kana kuka, uwarka ta manta, ni na tura tagar. Ka tuna?"

"Na tuna, Baba."

"Na yi rayuwata a cikin rami, yaro. Amma ko a rijiya mafi zurfi, in na ɗaga kai ina ganin sama. Ba na roƙon fasto, na san sun hana shi. Ba na roƙon waƙa. In lokaci ya yi, ka buɗe. Shi ke nan."

"Zan buɗe."

"Kafin, ba bayan ba. Bayan ba shi da amfani."

"Na ji, Baba. Kafin."

Da yamma suna cin abinci, ƙananan sun tashi, Ewald ya dubi Minna. Tana ta juya dankali a faranti ba ta ci. Ya so ta ce wani abu, ko ta ce ya buɗe, ko ta ce kada ya buɗe, ya sami wanda zai raba nauyin da shi.

"Minna, in da ke ce..."

"Kada ka tambaye ni, Baba." Ba ta ɗago ba. "Yau wata yarinya ta ɗaga hannu a aji, ta ce wai gaskiya ne a gidanmu muna yi wa sarkin Jamus addu'a? Na ce ƙarya ne. Ta ce to wa ke waƙa a gidan da mamata ke shiga kullum?" Ta ajiye cokali. "Shi ya koya min ƙirga da Jamusanci a kan gwiwarsa. Ina son sa. Amma kada ka tambaye ni."

Hulda ta kwashe farantan.

Ranar Alhamis ce ranar furanni. Tun da safe aka rataya tutoci a kowane shago, 'yan mata suka fito da fararen riguna da kwandunan furanni, manoma suka cika gari da kekunan doki. Ewald yana ɗaura tuta a ƙofar shagonsa, wadda ta fi ta kowa girma a layin, sai ga Hulda ta tsallako titi ba ko mayafi.

"Zo. Numfashinsa ya canja."

Ya ɗauki awartaki daga kan teburin aiki ya sa a aljihu, ya bi ta.

Tsohon ya faɗa sosai cikin dare ɗaya, hancinsa ya yi tsini, ƙirjinsa yana hawa da sauka kamar zugazugi. Amma idon a buɗe yake. Daga can wajen dandali aka fara jin ganga, sai badujala ta ɗauka. Ƙafarsa mai lafiya ta soma motsi a ƙarƙashin bargo, tana bin kiɗan.

"Sun taso," ya ce. "Wa ke riƙe da tuta?"

"Wani ne, Baba. Sun sami wani."

"Zai ja ta a ƙasa." Ya yi tari. Sai ya juyo da idon kan Ewald. "Yaro. Yanzu."

Ewald ya je bakin tagar ya ɗan yaye labule. Titi ya cika maƙil, mutane a tsaye har jikin bangon gidan. Ga bayan hular wata mata, da zai miƙa hannu da ya taɓa ta. Ga samarin nan masu fenti a gindin fitilar titi suna cin gyaɗa.

"Bari su wuce, Baba. Yanzun nan za su wuce."

"Ewald," in ji Hulda.

"Na ce bari su wuce! Minti nawa ne?"

Tsohon ya fara addu'ar Ubangiji, wadda uwarsa ta koya masa, da dukan abin da ya rage a ƙirjinsa. Bai iya yin ta a hankali ba. Kowace kalma tana fita kamar yana kiran wani daga bakin rijiya ya sako igiya. Matar mai hula ta ɗan juyo da kai. Ewald ya saki labulen. Awartakin yana hannunsa.

Badujala ta iso daidai gidan, ta cika ɗakin har kwanukan kicin suna amsawa. Ewald yana ƙirga takun a zuciyarsa, yana jira kiɗan ya yi gaba. Maimakon haka sai aka yi wata tsawa, gangar ta buga sau ɗaya, komai ya tsaya cak.

Ya manta. Shekara nawa yana kallon faretin nan, amma ya manta. Al'adar tsofaffin sojojin ce, in ɗayansu yana kwance ba lafiya, fareti yakan tsaya a ƙofar gidansa, a sunkuyar da tuta, a busa masa begila kafin a wuce maƙabarta. Traugott ɗin da kansa ya sha sunkuyar da tutar a ƙofar wasu.

Shiru ya sauka a titi. Ta tsagar labule Ewald ya ga garin gaba ɗaya ya juyo ya fuskanci tagar nan ɗaya. Maza sun cire huluna. Ga Purdy a sahun kwamiti, hularsa a ƙirji. Ga Minna a gefen 'yan ajinta. Cikin wannan shirun muryar tsohon kaɗai ke tashi, gilashi ne kawai ya tare ta.

Tierney yana zaune a keken dokin da aka ɗauko tsofaffin da ba sa iya tafiya. Ya miƙe da ƙyar ya ɗaga sanda.

"Ku buɗe tagar ya ga tutarsa!"

Wani ya amsa daga baya, "A buɗe mana!" Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, a buɗe masa." Har cikin samarin nan wani ya sa baki. Mutumin da ke riƙe da tuta ya matso da ita, jelarta ta shafi gilashin.

Ewald ya yaye labulen, don ba yadda zai yi. Ido ɗari ya sauka a kansa. Ya ɗaga awartakin ya nuna musu, ya yi alama da hannu wai tagar ce ta cije. Ya kafa bakin ƙarfen a kan ƙusar farko. Ba abin kamawa. Shi da kansa ya nutsar da kan. Ya fara ƙwaƙular katakon da gefen awartakin, a hankali, ɓarɓashi yana zuba a takalminsa. A bayansa addu'ar ta kai wajen gafarta mana laifofinmu, ta sake komawa farko, don tsohon ya ɓata hanya.

"Yi sauri," in ji Hulda da Jamusanci, ba ta ko rage murya ba. "Ewald, don girman Allah, yi sauri."

Yana yi. Duk wanda ke titi zai rantse yana yi. Amma shi ya san irin ƙarfin da ke hannunsa, hannun da ke huda fatar sirdi ninki uku, ya kuma san bai sa rabinsa ba. Kunnensa yana baya. Ƙusar farko ta fito a lanƙwashe, ta faɗi. Ya koma kan ta biyu. Muryar ta fara raguwa. Ta zama kamar magana a ɗaki na gaba. Ta zama raɗa. Sai ya daina rarrabe kalmomin.

A lokacin ne ya cusa awartakin ƙarƙashin katakon ya danna da dukan nauyinsa. Katakon ya tsage, ƙusar ta biyo shi, tagar ta yi sama da ƙara har gilashin ya yi tsatsa a kusurwa.

Iska ta shigo, da ƙamshin furanni da na doki. Ewald ya ja gefe.

Ba abin da ya fita ta tagar. Mutane suka ga tsoho kwance a kan matashi, fuskarsa tana duban titi, idonsa a buɗe, Hulda riƙe da hannunsa. Aka sunkuyar da tuta har ta taɓa dakalin tagar. Mai begila ya busa, a hankali, har ƙarshe. Tierney yana tsaye a kan ƙafa ɗaya da katako ɗaya, hannunsa a goshi. Purdy ya dubi Ewald ya gyaɗa kai sau ɗaya. Abin da ya fara zuwa wa Ewald a zuciya shi ne sanyi, irin na wanda aka sauke wa kaya, kuma ya ji shi sarai kafin ya iya kore shi.

Ganga ta buga, fareti ya ɗaga, jama'a suka bi shi zuwa maƙabarta. Cikin ɗan lokaci titi ya zama ba kowa sai ɓawon gyaɗa da furannin da aka tattake.

Hulda ta sa yatsu biyu ta rufe idon. Ta ɗauko tsumma ta ɗaure masa haɓa, ta gyara bargon, ta miƙar da ƙafar da ke bin kiɗa.

"Hulda," in ji Ewald. Awartakin yana hannunsa har yanzu. "Da na buɗe, yana numfashi?"

Ta ci gaba da gyaran bargon.

"Ke kike riƙe da hannunsa. Kin ji ai. Kafin ne, ko bayan?"

"Ban sani ba," ta ce. "Kai nake kallo."

Ranar Asabar aka binne shi, da tuta a kan akwati da addu'a cikin Turanci. Da kwamiti ya zauna, ya bar Minna a aikinta. Ba wanda ya zo ƙofar Ewald da fenti. Ya tambayi Tierney, Tierney ya ce daga inda yake tsaye rana ce ke dukan idonsa, bai ga komai ba sai farin matashi. Ya tambayi likita, likita ya ce ba ya wurin, kuma irin wannan abu tsakaninsa bai wuce ƙiftawar ido ba.

Gidan ya daɗe ba mai shiga. Tagar da ta tsage ba ta ƙara rufuwa daidai ba, kuma duk wanda ya bi ta babban titi da rana yakan ga labulen yana leƙowa waje yana komawa. Ko iskar ta riski Traugott Behnke da ransa, ko ta tarar ya riga ya cika, har yau ba wanda ya sani.